Yadda Ake Zaɓa wa Yaro Mai Keken Guragu Mota, da Hanyoyin Haɗa Kuɗinta

Yaron da ba ya tafiya, muddin yana ƙarami, goyo ya wadatar. Uwa ta goya shi ko uba ya saɓa shi a kafaɗa, a naɗe keke a sa a but, a je asibiti a dawo. Wahalar tana bayyana ne idan ya kai shekara 8 zuwa 10, nauyinsa ya haura kilo 25, ƙafafu sun yi tsawo, wataƙila kuma jikinsa yana sanƙarewa da zarar an ɗaga shi. Daga nan ake fara rage fita da shi. Zuwa gashin ƙashi ya zama jefi-jefi, makaranta sai ranar da aka samu mai taimako, ranar Sallah a bar shi a gida da mai tsaro. Ba don ba a son sa ba. Bayan uwarsa ne ya gaji.

Idan iyali suka kai wannan gaɓa, abin da ke fara zuwa musu a rai shi ne a nemi babbar mota. Sai a je wurin dillali, a ga Sienna tana sheƙi, a biya, a kawo gida, sannan a tarar kan yaron yana dukan saman ƙofa idan yana kan kekensa, ko kuma babu inda za a ɗaure keken. Shawarata ita ce motar ta zo a ƙarshen lissafi. Ku fara da yaron, ku bi da kekensa, ku dubi hanyar unguwarku da wanda ke ɗawainiya da shi kullum, sannan ku nemi motar da ta dace da waɗannan.

Mataki na farko: a kekensa zai zauna ko a kujerar mota?

Wannan tambayar tana iya rage muku miliyoyin naira. Wurin da ya fi aminci ga yaro a cikin mota shi ne kujerar motar kanta, ko kujerar yara da ake ɗaurawa a kanta, domin su aka ƙera don jure karo. Yaron da bai kai kilo 22 ba, gara a ciro shi daga keke a sa shi a kujerar yara mai ɗamara biyar, wadda ke riƙe kafaɗu biyu, ƙugu biyu da tsakanin cinyoyi. Akwai irin wannan kujera da aka yi musamman don manyan yaran da jikinsu ba ya tsayuwa da kansa, mai matashin tallafar kai da na gefen haƙarƙari. Idan yaronku zai iya zama a ɗayansu, motar da kuke da ita ma tana iya isa, abin da ya rage shi ne but mai ɗaukar keke.

Zama cikin keke yana zama dole ne idan ɗaga yaron ya gagari mai kula da shi, ko ɗagawar tana sa masa ciwo, ko ƙashinsa ba shi da ƙwari, ko kuma an ƙera masa mazaunin keken daidai lanƙwasar bayansa ta yadda ba zai zauna a wani wuri ba. Kada ku yanke wannan hukunci ku kaɗai. Ku tambayi likitan gashin ƙashin da ke duba shi. Asibitin Ƙashi na Dala da na Malam Aminu Kano a Kano, da Asibitin Koyarwa na Shika a Zariya, duk suna da wannan sashe. Ku roƙi likitan ya rubuta ra'ayinsa a takarda mai hatimin asibiti, domin za ta yi muku aiki sosai idan an zo neman kuɗi. Ku kuma tambaye shi yadda yake hasashen jikin yaron nan da shekara 5, tunda ba kowace shekara ake sayen mota ba.

Mataki na biyu: keken kansa

Ba kowane keke ake zama a cikinsa mota tana gudu ba. Wanda aka yi don haka yana ɗauke da shaidar ISO 7176-19, ko WC19 idan daga Amurka ya fito, ma'ana an gwada shi a karon kilomita 48 a awa bai wargaje ba. Za ku gane shi da ƙarafa huɗu a jikinsa, biyu gaba biyu baya, kowane da 'yar alamar ƙugiya a kusa da shi. Keken asibiti mai naɗewa mai mazaunin leda, da keken hannu mai ƙafa uku da maƙeranmu ke yi, suna da amfaninsu babba a gida da kan titi, amma ba don wannan aiki aka yi su ba.

Na san samun keke mai wannan shaida ba abu ne mai sauƙi ba a wurinmu. Idan bai samu ba, aƙalla a nemi mai ƙarfen da ba ya naɗewa, mai mazauni da majingina masu tauri, da abin tallafar kai. In kuma dama akwai niyyar canza keke nan gaba kaɗan, a canza shi kafin a sayi mota, domin awon motar daga keken yake fitowa.

Mataki na uku: awo

Ku ari tef ɗin magini. Ku zaunar da yaron a kekensa yadda ya saba, da takalminsa da matashinsa, ku auna abu huɗu. Tsayi daga ƙasa zuwa tsakiyar kansa, ko zuwa saman abin tallafar kai idan ya fi tsawo. Faɗi daga wajen wannan taya zuwa wajen waccan. Tsawo daga yatsun ƙafarsa zuwa ƙarshen tayar baya ko mariƙin turawa, kuma idan keken mai kishingiɗa ne a auna shi a kishingiɗe. Sai nauyin yaron da keken a haɗe. A kan tsayin ku ƙara santimita 10 saboda girma da kuma tsalle a kan gargada. A gaban fuskarsa ana son fili na aƙalla santimita 65 da babu wani abu mai tauri, a bayan kansa kuma kusan rabin mita.

Ku rubuta waɗannan a takarda ɗaya ku riƙa yawo da ita. Sannan ku auna faɗin ƙofar gidanku da filin da ke rage a baya da gefe idan an ajiye mota. Ku bi hanyar da za a riƙa bi, daga gida zuwa makaranta da asibiti, kuna lura da tudun rage gudu, da kwatar bakin titi, da inda ruwa ke kwanciya da damina.

Mataki na huɗu: irin motar

Hanyoyi uku ne.

Ta farko, motar da kamfani ya gyara tun a ƙasar waje. A Amurka kamfanoni irin su BraunAbility da VMI suna ɗaukar Toyota Sienna, Honda Odyssey ko Dodge Grand Caravan su yanke ƙasanta su saukar da shi da santimita 25 zuwa 35, su sa gadar hawa, wato faffaɗan faranti na alminiyam da ake shimfiɗawa daga ƙofa zuwa ƙasa a tura keke a kai. A Turai ƙananan motoci ake yi wa haka ta baya: Peugeot Partner, Citroën Berlingo, Renault Kangoo, Fiat Doblo, Volkswagen Caddy. Daɗin wannan shi ne komai a shirye yake, kuma injiniyoyi ne suka yi aikin suka gwada shi. Matsalarta a wurinmu ita ce cikin motar ya matso kusa da ƙasa. Motar da aka tsara don titin Amurka, idan ta shigo unguwar da kowane layi yake da tudu uku da samari suka gina da siminti, kullum cikinta yana gogar ƙasa. Ku kuma yi hattara da na Ingila da na Japan, ciki har da Toyota masu sunan Welcab, domin sitiyarinsu a dama yake. Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama tun 1972, dokar hanya ba ta yarda da mota mai sitiyarin dama ba, kuma juya sitiyari wani sabon haɗari ne da sabon kashe kuɗi.

Ta biyu, bas mai dogon rufi, irin Hiace ɗin da ake kira homa. Ba a yanke komai. A cire kujerun baya, a kafa maɗauran keke, yaro ya shiga ta baya kansa bai taɓa rufi ba ko da ya zama saurayi. Tana jure hanyar ƙauye, kuma babu garin da za ku rasa makanikenta. Aibinta biyu ne: tana da tsada saboda 'yan haya suna rububinta, kuma ƙasanta yana da tudu, sai an sami doguwar gada ko na'urar ɗagawa.

Ta uku, Sienna ko Sharon ta yau da kullum a cire mata kujerun tsakiya. Sienna ƙirar 2004 zuwa 2020 kujerunta na tsakiya suna fita, na baya kuma suna kwanciya cikin ƙasan motar. Daga ƙirar 2021 na tsakiyar ba a yi su don cirewa ba. Wannan hanya ta fi araha, amma tana yi ne kawai ga ƙaramin yaro a gajeren keke, domin tsayin ƙofa da na rufi ba su da yawa. A nan ne takardar awonku za ta raba gardama.

Abu ɗaya nake roƙonku: kada ku bari mai walda na bakin titi ya yanke ƙasan mota don ya kwaikwayi na Amurka, komai ƙwarewarsa a ƙofofi da tagogi. A waɗannan motoci ƙasan yana cikin abin da ke riƙe ƙarfin jikin motar gaba ɗaya, kuma a ƙarƙashinsa tankin mai yake, da bututun burki, da salansa. Ƙaramar kafa ta isa ta riƙa shigo da hayaƙi daidai inda yaron yake zaune, shi kuma wataƙila ba zai iya cewa kansa yana ciwo ba. Haka nan idan kuna tunanin mayar da motar mai amfani da iskar gas saboda tsadar fetur tun bayan cire tallafi a 2023, ku tuna tukunyar gas ɗin a baya ake ajiye ta, wurin da keke zai bi.

Shiga ta gefe ko ta baya? Ta gefe tana buƙatar fili mai faɗi a gefen mota, kuma sai an juya keken a ciki ya fuskanci gaba. A titunanmu gefen mota sau da yawa kwata ce a buɗe. Ta baya kuwa keke yana shiga kai tsaye yana fuskantar gaba, gyaran ya fi sauƙi, kuma yawanci cikin motar bai kai na mai shiga ta gefe kusanci da ƙasa ba. Abin lura kawai shi ne mai adaidaita sahu yana iya zuwa ya manne muku a baya ya hana a buɗe. Ga mafi yawan iyalai a garuruwanmu ni zan zaɓi shiga ta baya, da gadar da ake buɗewa da hannu, a mota ƙirar da makaniken unguwa ya sani.

Ko wace kuka ɗauka, ku tabbatar akwai kujerar babba dab da inda keken zai tsaya. Yaron da ke farfaɗiya, ko mai ƙwarewa da yawu, bai kamata ya zauna can ƙurya shi kaɗai ba inda hannun uwa ba ya kaiwa. Na'urar sanyaya mota kuma dole iskarta ta kai baya. A zafin Afrilu wannan ba ƙawa ba ce, domin da yawa daga cikin yaran nan jikinsu ba ya jure zafi.

Mataki na biyar: gada ko na'urar ɗagawa

Lissafin gada mai sauƙi ne. Don mutum ɗaya ya tura keke ba tare da ya sha wuya ba, kowane santimita ɗaya na tudu yana son santimita 6 na tsawon gada. Motar da ƙasanta ya kai santimita 50 daga titi tana son gada mai mita 3. Idan aka gajarta ta zuwa mita 2 gangaren ya yi tsanani, kuma ranar da aka yi ruwa ko takalmi ya zame, keken zai dawo kan mai turawa. A nemi mai kaushi a sama don kada taya ta zame, mai ɗan bango a gefe biyu, kuma bakinta na sama ya riƙa maƙalewa a jikin motar. Wajen saukowa, da baya ake sauko da keke, mai turawa yana ƙasa.

Gadar lantarki mai fitowa da kanta daga ƙarƙashin mota tana da ban sha'awa, amma yashi da ƙurar hunturu suna cushe ta, kuma in ta tsaya mai gyaran wutar mota na unguwa bai taɓa ganin irinta ba. Na'urar ɗagawa tana da amfani ga bas mai tudu ko keken batir mai nauyi. Idan za ku saya, ku tabbatar tana da hannun da ake sarrafa ta da shi idan batir ya mutu.

Mataki na shida: ɗauri

Idan kuɗi bai isa komai ba, kada a rage daga nan. A gwajin karon da na ambata, nauyin abu yana ninkawa kusan sau 20. Yaro mai kilo 30 a keke mai kilo 20, jimla kilo 50, a daidai lokacin karo suna fizga da ƙarfin da ya kai tan guda. Burkin keke ba ya riƙe wannan. Hannun uwa ba ya riƙewa. Igiyar ɗaurin kaya da ɗankwali ba sa riƙewa.

Abin da ake buƙata kashi biyu ne kuma kowane da aikinsa: igiyoyi huɗu masu ƙugiya da ke ɗaure keken da ƙasan mota, da bel na ƙugu da kafaɗa da ke riƙe yaron. A nemi masu shaidar ISO 10542. Q'Straint, Sure-Lok da Unwin suna cikin sanannun masu yin su, kuma kaya ne da ɗan'uwa mai dawowa daga tafiya zai iya sakowa a jaka. Ƙarafan da igiyoyin ke kamawa a ƙasan mota da ƙusa mai noti ake kafa su, ta huda ƙarfen motar, a sa faffaɗan farantin ƙarfe ta ƙarƙashi yadda takardar kamfanin ta nuna. Ba a kafa su a katako ko kafet, ba a kuma ɗiga musu walda a ce an gama. Ku tsaya a kan makanike ranar aikin, ku leƙa ƙarƙashin motar da idonku kafin ya huda, don kada ya sami tanki ko bututun burki.

Ga yadda ake ɗaurin kullum. A tura keken ya tsaya yana fuskantar gaba, ba gefe ba, a taka masa burki. A maƙala ƙugiyoyin gaba biyu a wuraren da aka yi wa alama, ko a jikin babban ƙarfen keken kusa da mazauni, inda aka haɗa ƙarfe da ƙarfe da walda. Ba a maƙalawa a taya, ko matakin ƙafa, ko madogarar hannu, domin duk suna cirewa. Igiyoyin gaba su ɗan buɗe waje, na baya su tafi a miƙe zuwa baya. A ja su su yi tauri, sannan a kama mariƙin keken a girgiza da ƙarfi. Idan ya motsa, a sake ja. Sai bel ɗin yaro: na ƙugu ya bi ta ƙarƙashin madogarar hannu ya kwanta a kan ƙashin ƙugu dab da cinya, ba a kan tumbi ba. Na kafaɗa ya ratsa tsakiyar kafaɗa da ƙirji, kada ya goge wuya. 'Yar ɗamarar da ke jikin keke don gyara zama a bar ta a ɗaure, amma ba ta maye gurbin bel ɗin mota. A cire teburin gaban keke, a ɗaure jaka da tulun iskar numfashi a wani wuri, domin duk abin da yake sake a cikin mota makami ne a lokacin karo. A ajiye 'yar wuƙar yanka bel inda direba zai kai hannu.

Duk wanda zai riƙa fita da yaron, uba, uwa, yaya ko direba, ya gwada wannan a tsakar gida har hannunsa ya saba.

Mataki na bakwai: dubawa kafin a biya

Ku je da yaron da kekensa da wanda ya fi ɗawainiya da shi. Idan Hajiya ce za ta riƙa buɗe gadar kullum, ita za ta gwada buɗewa, ba dillali ba. A shigar da yaron, a rufe, a zaga da shi ta kan tudu a ji ko cikin motar yana gogawa.

Ku je da makanikenku, ba wanda mai mota ya kawo ba, a ɗaga motar a duba ƙarƙashinta. Waɗanda suka fito daga jihohin Amurka masu ƙanƙara gishirin titi yana cin ƙasansu, kuma sashen da aka saukar shi ke fara tsatsa. A duba lambar shasi mai harafi da lamba 17 a shafukan tarihin mota irin Carfax, domin da yawa daga motocin gwanjo sun yi haɗari ko ambaliya ta shanye su. A tantance takardun kwastam a ofishin kwastam. Kada ku ba da kafin alƙalami a kan motar da kuka gani a hoto kawai, kuma wanda ya ce zai shigo muku da ita babu haraji don ta mai nakasa ce, ku ce ya nuna takardar yafewa daga Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya.

Mataki na takwas: kuɗin

Ku fara da rubuta jimlar gaskiya: kuɗin mota, la'adar dillali, kwastam idan shigowa za a yi, gada, maɗaurai, aikin makanike, rajista, inshora, sabbin tayoyi, sannan man wata shida da ɗan abin gyara a ajiye. Sienna mai silinda 6 tana shan mai, kuma motar da aka saya aka kasa zuba mata mai ba ta kai yaro ko'ina. Inshorar dole ta ƙananan motoci naira 15,000 ce tun Janairun 2023, amma wanda kuka yi wa ɓarna kawai take biya. Idan za ku yi cikakkiya, ku sa a rubuta gadar da maɗauran a cikin takardar.

A Najeriya babu shirin gwamnati da ke ba iyali irin wannan mota. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta tanadi keɓe musu wurin ajiye mota a wuraren jama'a, ta kuma kafa hukumar kula da masu nakasa ta ƙasa, wadda ta fara aiki a 2020. Yin rajistar yaron da ita yana ƙarfafa takardunku, amma kada ku zauna jiran mota daga can. 'Yan'uwa da ke zaune a Ingila lamarinsu daban ne. Akwai shirin Motability da aka kafa a 1977, inda iyayen yaro ɗan shekara 3 zuwa sama da ke karɓar babban kaso na tallafin zirga-zirga suke musanya shi da hayar mota gyararriya ta shekara 5, da inshora da gyara a ciki. Haya ce, ba a turo ta gida.

Mu a nan haɗawa ake yi. Farko abin hannu: motar da ake da ita a sayar ko a yi musaya a cika. Na biyu dangi, kuma yadda aka gabatar da maganar shi ke sa a samu. "A taimaka mana da mota" magana ce da kowa zai ce Allah Ya hore ya wuce. Amma idan ka zauna gaban ƙanin mahaifiyarka da takardu ka ce, "Kawu, ga takardar likita, ga farashin motar, mun haɗa kashi biyu cikin uku. Abin da ya rage gadar hawa ce da igiyoyin ɗauri, ko za ka ɗauke mana ɗaya?" ka ba shi abin da zai iya kamawa. Ku rarraba buƙatar gunduwa-gunduwa, kowa ya ɗauki daidai ƙarfinsa.

Na uku adashe da ƙungiyar taimakon juna ta wurin aiki. A adashe ku nemi a ba ku ɗaukar farko ko ta biyu, ku faɗi dalili, mutane suna da tausayi a kan irin wannan. Ƙungiyoyin ma'aikata kuwa sukan ba da rance a cire daga albashi da sauƙin da banki ba ya yi. Na huɗu bankunan da ba sa mu'amala da ruwa: Jaiz da ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021. Tsarinsu na murabaha shi ne banki ya sayi motar ya sayar muku da riba sananniya, ku biya wata-wata. Ku tambaya tun farko ko suna sayen motar hannu, da iyakar shekarunta, da kason da za ku fara ajiyewa, da ko kuɗin gada da maɗaurai zai shiga ciki. Kada biyan wata ya wuce sulusin abin da ke shigo muku, domin magani da gashin ƙashi ba za su tsaya jira ba. Manhajojin rance na waya kuwa ku nisance su gaba ɗaya. Wa'adinsu gajere ne, ruwansu mai yawa, kuma ba kuɗin mota suke bayarwa ba.

Na biyar zakka da sadaka. Uba ba ya ba ɗansa da yake ciyarwa zakkarsa, amma baffa, kawu ko attajirin unguwa suna iya bai wa iyalin da suka cancanta, sai a tambayi malami yadda za a tsara. Jihohi irin su Kano da Sakkwato suna da hukumomin zakka da waƙafi da ake kai wa buƙata a rubuce. Haka ma gidauniyoyi, kamfanoni da 'yan majalisar mazaɓarku. Takardar ta zama shafi ɗaya, a haɗa da ta likita da ta farashi daga mai sayarwa, a kuma rubuta cewa mai bayarwa yana iya biyan mai kayan kai tsaye. Wannan jimlar tana kwantar wa mai taimako da hankali ƙwarai.

Neman taimako a Facebook ko WhatsApp shi ne na ƙarshe a wurina. Idan ya zama dole, a kiyaye mutuncin yaron. A nuna shi cikin suturarsa mai kyau, ba a tsiraice ko yana kuka ba, domin hoton zai daɗe a intanet har ya girma ya gani. Idan yana da wayo a nemi yardarsa. A sa asusu ɗaya, a sami mutum biyu amintattu su sa ido, a sanar da abin da aka tara, a rufe idan ya cika.

In duk an haɗa bai kai ba, iyalai biyu ko uku da ke haɗuwa a layin gashin ƙashi suna iya haɗa kuɗi su sayi bas ɗaya su raba ranaku, da yarjejeniya a rubuce kan mai, gyara da direba. Ko a sayi gada mai naɗewa da maɗaurai, a yi yarjejeniya da amintaccen direban bas a kafa ƙarafan a motarsa, a riƙa biyansa duk fita.

Bayan motar ta zo

Idan da gudummawar jama'a aka saya, a rubuta takarda gaban shaidu cewa motar ta yaron ce ko don hidimarsa aka ajiye ta. In ba haka ba, sannu a hankali za ta koma motar kai amarya da ɗauko buhunan masara, a mayar da kujerun da aka cire, ranar asibiti kuma a ce ta tafi ƙauye. Takardar tana kuma kare shi ranar rabon gado.

Fitar farko ta zama gajeriya, wani babba yana zaune kusa da shi yana lura da kansa, numfashinsa da inda bel ya kwanta. Direba ya koyi taka burki da shan kwana a hankali, domin mai zama a keke ya fi kowa jin girgiza. Ba a barin yaron a mota a rufe ko na minti biyu, kuma a taɓa ƙarfen bel da hannu kafin a ɗaura masa idan motar ta sha rana. Duk mako a share yashi daga ramukan maɗauran, duk wata a duba igiyoyin ko sun fara zarewa a kuma ƙara ɗaure notocin ƙasa. Duk shekara a sake auna tsayin yaron a kan kekensa a gwada da rufin motar. Idan aka yi haɗari, ko da igiyoyin da bel ɗin ba su nuna komai ba, a canza su duka.